Baiwar Allah da Jinkar Mantau

Dalilin da ya sa baiwar Allah, 'yar tsuntsuwar nan da ba ta cika tafin hannun jariri ba, take shigowa har bakin ƙofa ba ta gudun mutum, kuma kuke ganinta da gashin kaza a baki lokacin sanyi, ba kowa ne ya riƙe shi ba. Ku ajiye duwatsun nan, yara, ku zauna ku ji.

A zamanin da, babu tsuntsun da yake yin hunturu a kan tudu. Da an gama yankan gero, Shamuwa za ta hau ƙololuwar kuka ta yi shela, kowa ya ɗaura niyya. Ita take fara tashi, sai tsattsewa, sai balbela, sai hasbiya da kurciya, ƙananan tsuntsaye kuma su bi sahu a ƙarshe. Su gangara kudu inda ake ɗumi, ba a sake ganinsu sai hadarin farko ya haɗu. Wata biyar cur gari yakan yi shiru.

A wani ƙauye can cikin duwatsu, inda ruwan da ya kwana a ƙwarya yakan wayi gari da ɓawon ƙanƙara, akwai wani tsoho mai suna Mantau. Ƙafafunsa sun daina kai shi gona, saboda haka aikinsa shi ne zama a ƙofar ɗaki yana kallon tsakar gida. Akwai wani fasasshen kasko a gindin rumbu da yake cika wa da ruwa kowace safiya, ya watsa tsaki a gefensa. Matarsa Ladingo ce ta fara wannan al'ada, ta rasu shekara uku da suka wuce, a tsakiyar sanyi, shi kuwa bai bari kaskon ya bushe ba. Ya san wanda yake fara zuwa da wanda yake jira sai an watse. Ya san hasbiya mai ɗingishi da kurciyar da ba ta shan ruwa sai ta waiga sau biyu. Manoma ma wajensa suke zuwa tambaya, don in ya ce Shamuwa ta sauka, to a fito da iri.

Sanyin hunturu ba ya damun Mantau kamar shirunsa.

A wannan shekara jinkar ɗakinsa ta gaji. Shucin ya ruɓe, in ya kwanta yana hango sama ta wurare bakwai, ya ƙirga su. A ƙauyen kuwa gayyar baibaya sau ɗaya ake yinta a shekara. Maza su bi gida gida, su sauke tsohuwar jinka su ɗora sabuwa, da an gama su kora jakuna su gangara cin rani, ba sa dawowa sai bazara. Wanda ranarsa ta wuce shi, sai baɗi.

Ana jibi ranar Mantau, tsuntsaye suka tashi. Ya zauna yana kallonsu suna wucewa garke garke har sama ta zama fili. Ya miƙe zai kifar da kaskon, sai ya ji wani ɗan sauti a bisa kansa. Ya ɗaga ido, ya ga baiwar Allah ta leƙo daga cikin shuci, mijinta, mai jan jikin nan, yana tsaye a gefe.

"Ke, baiwar Allah, an bar ki a baya," in ji Mantau. "Yi sauri, ba su yi nisa ba."

"Na sani, Baba," ta ce. "Ƙwai gare ni, guda huɗu. Sheƙata ta farko iskar marka ta watsar da ita, na sake wata a makare. Na roƙi Shamuwa ta jira ni, ta ce tafiya ba ta jiran mai kwanci."

"Kwana nawa ya rage?"

"Goma sha ɗaya kafin su ƙyanƙyashe. Sha takwas kuma kafin su yi fiffike."

Mantau ya lissafa da yatsu, ya sake lissafawa. Bai ce mata kome game da gayya ba. Ya mayar da kaskon wurinsa, ya zuba ruwa.

Ranar da aka sa, maza suka iso da hantsi da dammunan shuci da igiya. Shugaban gayyar Dogara ne, ɗan ƙanen Mantau, ƙaton mutum mai yawan dariya. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "To Baffa, fito da tabarmarka, yau za mu sauke maka wannan rariyar da kake kira ɗaki."

"Ku bar ta," in ji Mantau.

"Mu bar me?"

"Akwai mai ƙwai a ciki."

Dogara ya leƙa, ya ga idanu biyu kamar ƙwayar gero suna kallonsa. Ya fashe da dariya. "Jama'a, ku zo ku gani, Baffa ya yi baƙuwa bai gaya wa kowa ba!"

"A'a, amarya ce," wani ya ce daga baya. "Shi ya sa kwanan nan ba ya amsa sallama."

Aka yi ta dariya, Mantau ma ya murmusa. Amma da Dogara ya ga tsohon bai motsa daga bakin ƙofa ba, sai ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya.

"Baffa, wasa ya ƙare. Ka san sanyin garin nan, ka san abin da ya yi wa Inna Ladingo, ita da take ƙarƙashin sabuwar jinka ma. Bari in ɗauke sheƙar a hankali in sa ta a rumbu."

"In hannu ya taɓa, ƙwan ya yi sanyi, shi ke nan."

"To mu dawo yaushe? Nan da kwana shida mun gangara. Tari kake yi tun kaka. Saboda abin da bai cika cokali ba za ka kashe kanka?"

Mantau ya dubi kaskon. Sannan ya ce, "Dogara, tunda aka haife ni ban taɓa jin kukan tsuntsu da hunturu ba. Bana ina so in ji. Ku kai shucin gidan maƙwabcina Jatau, ɗakinsa ma yana yoyo."

Dogara ya tashi ransa a ɓace. Kafin su gangara ya tara masa itace har ya kai tsayin katanga, ya bar masa gwadonsa, ya tafi bai yi sallama da kyau ba.

Baiwar Allah ta ji duk abin da aka faɗa.

Sanyi ya sauko da ƙarfinsa. Iska ta riƙa shigowa ta kafofin nan bakwai tana tayar da tokar murhu. Mantau yakan wayi gari yatsunsa sun ƙage, sai ya hura su kafin ya iya riƙe ludayi. Duk da haka yakan rarrafa ya fasa ƙanƙarar kasko, ya watsa tsaki. A rana ta biyar da tashin tsuntsaye tarin ya kwantar da shi, ya kasa fita.

Yana kwance da hantsi, sai ya ga hasken da ke shigowa ta kafar da ke bisa kansa ya ragu. Ya zuba ido. Mijin baiwar Allah ne, da farin gashi a baki wanda ya fi shi tsawo, yana cusa shi cikin shuci. Ya tafi, ya dawo da wani.

"Me kuke yi?" Mantau ya tambaya.

"Waɗanda suka tafi sun bar tsofaffin rigunansu," in ji matar daga cikin sheƙa. "Gashin balbela yana nan zube a fadama, na hasbiya a gindin kuka, ga na kaji da zabi a bayan kowane gida. Da shi muke ɗumama ƙwai. In ya ɗumama ƙwai, zai ɗumama tsoho."

"Kafa bakwai ce fa, baiwar Allah. Ku kuwa ku biyu ne."

"Mun kusa zama shida, Baba. Kai dai ka sha kununka."

Haka suka yi ta yi. In mijin ya gaji ya hau ƙwai, matar ta fita. Kafar farko ta ci musu kwana uku. Ranar da aka toshe ta huɗu, Mantau ya ji wani siririn kuka a cikin jinka, baki huɗu a lokaci ɗaya. Ya kwanta shiru yana saurare, hawaye na bin gefen fuskarsa, ya kira sunan Ladingo sau ɗaya. Da 'ya'yan suka yi fiffike, su ma suka shiga jigilar gashi, har kafa ta bakwai ta rufe. Toka ta daina tashi. Tarin ya lafa.

Da bazara Dogara ya dawo, ya tsaya a ƙofar gida yana tsoron yin sallama. Sai ya ji an ce, "Shigo mana, ko ka zo ta'aziyya ne?" Ya tarar da Baffansa a bakin ƙofa, 'yan tsuntsaye shida suna tsalle tsakanin ƙafafunsa. Ya ɗaga kai ya dubi jinkar, fari da toka-toka ta ko'ina, ya ce, "Lallai amarya ta iya aiki."

Da kaka ta zagayo aka yi wa Mantau sabuwar jinka tun da wuri. Shamuwa ta yi shelarta, ta aiko a gaya wa baiwar Allah kada ta sake makara.

"Ku sauka lafiya," in ji baiwar Allah. "In mun tafi, gidan nan zai yi shiru."

Mantau ya yi hunturu biyu bayan wannan, kowanne da kukan tsuntsu a tsakar gidansa. A damina ta uku ya rasu. Washegari baiwar Allah ta sauko bakin ƙofa, ta leƙa, ba kowa a kan tabarma. Ta tafi gidan Jatau ta leƙa, ta wuce gidan gaba. Wasu tsuntsayen ma, da suka ga ta rayu, a hankali suka daina tafiya, amma babu wanda yake matsowa kusa da mutum kamar ita.

Shi ya sa har yau, in sanyi ya shigo, za ku ga baiwar Allah da gashi a baki tana neman inda jinka ta huje. Shi ya sa kuma take tsalle har bakin ƙofarku, ta karkata kai ta leƙa cikin ɗaki. Ba tsaki kaɗai take nema ba, dubawa take yi ko tsohon yana ciki. In ta leƙo, ku bar ta ta duba.