Dutsen da Ya Karkato Kan Berdar

An ce wai a ƙasar Kurdawa akwai wasu ƙauyuka biyu a jikin tsauni guda, Serkani a sama, Berdar a ƙasa. Tsakaninsu akwai wani ƙaton dutse, daga gindinsa idon ruwan Serkani ke ɓuɓɓugowa. Wata shekara ƙanƙara ta narke, ƙasa ta zaizaye, dutsen ya karkato kan gidajen Berdar.

Tun daga ranar hankalin mutanen Berdar bai sake kwanciya ba. Ko akuya ce ta turo tsakuwa, sai ka ga mata sun suri 'ya'ya sun yi waje. Suka ce a fasa dutsen, na sama suka ce sam. Magana ta kai gaban alƙali Mala Hejar.

Gulizar, wata gwauruwa daga Berdar, ta ce, "Allah ya gafarta malam, gidana ne na farko a ƙarƙashinsa. A fasa shi, ruwansu ba inda za shi."

Dilawar, dagacin Serkani, ya ce, "In ruwan nan ya ƙafe mun ƙare, mu da tumakinmu. Dutsen kuwa tun kakanni yana nan, ba zai faɗo ba."

Alƙali ya ce, "Kowannenku ya cika baki a kan abin da in ya yi kuskure wani ne zai cutu. Dilawar, kwashi iyalinka ka koma gidan Gulizar, tunda ba zai faɗo ba. Gulizar, hau Serkani da garkenki, tunda ba zai ƙafe ba. In kun ɗan zauna, sai ku dawo."

Ai kuwa ba a jima ba sai ga su. Dilawar, wuyansa ya ƙage don kallon sama, ya ce, "A fasa shi, malam, 'ya'yana!" Gulizar kuwa ta zaga tsaunin kaf ba ta ga wani ruwan ba, ta ce kada a kuskura a taɓa dutsen.

Alƙali ya ce, "Yanzu kuka ga dutsen. Ku je ku tokare shi."

Ƙauyukan biyu suka haɗu suka yi masa katangar duwatsu. Dilawar ne ya fi kowa ɗauko manya, don har lokacin iyalinsa na gidan Gulizar.

Wanda ya ce maka babu komai, ka fara duba inda nasa 'ya'yan suke kwana.