Yadda Kurege Ya Koyi Shan Iska a Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kunne na jira.

Kurege ne ya hango gonar gyaɗa a hayin kogi, ga shi bai iya iyo ba. Sai ya tafi wurin tsoho Karen Ruwa, ya durƙusa, ya ce, "Baba, ana nemana zaman makoki a ƙetare. Koya mini ninƙaya."

Karen Ruwa ya ce, "Allah ya jiƙan rai. Kwanta rub da ciki. Fuska cikin ruwa, ka riƙa busa iska ta hanci. In numfashi ya ƙare, kada ka ɗaga kai. Mirgina gefe, kafaɗa da ƙugu tare, kunne ɗaya na ruwa. Ka kurɓi iska, ka koma. Busa, mirgina, kurɓa."

Kurege ya ce, "Shi ke nan? Ai da shi aka haife ni."

Da tsoho ya juya baya, sai Kurege ya ɗale wani kututture da ruwa ke ja, ya haye abinsa.

Ya ci gyaɗa, ya ci gyaɗa, har ciki ya yi tamtsam. Ya cika kumatun dama, ya cika na hagu. Sai ga karnukan mai gona. Ya duba gaɓa, babu kututture. Tsundum!

Ya ɗaga kai, ƙafafu suka nutse. Ya ƙara ɗagawa, wutsiya ta bi su. Ga baki cike da gyaɗa, iska ba ta da hanya.

Sai ga Karen Ruwa a gefensa. Ya ce, "Tofar!"

Kurege ya ce, "Mm-mm."

"Tofar, ɗan nan, ko gobe a yi naka makokin!"

Kurege ya tofar, yana hawaye.

"Kai ƙasa! Busa!" Ya busa. "Mirgina!" Ya mirgina, sai ya ji hannunsa ya fito daga ruwa da kansa, baki ya sami sarari. "Kurɓa!" Ya kurɓa. Wayyo daɗi! Bai taɓa sanin iska ta fi gyaɗa garɗi ba.

Busa, mirgina, kurɓa. Busa, mirgina, kurɓa. Har suka taka yashi.

Can kifaye suka yi dafifi a kan gyaɗar da ya tofar. Tsoho ya koma, ya kama kurungu uku manya.

Kurege na haki ya ce, "Ka gani, Baba? Dama kai na ɗebo wa. Tukuicin malami."

Karen Ruwa ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Madalla da kai, maƙaryaci."

Kurege ya sunkuyar da kai, ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce, "Baba, wannan kam ba ƙarya: ka ba ni raina. Allah ya saka da alheri."

Ƙurunƙus, na juye muku ita duka. Wanda zai yi satar gyaɗa a ƙetare, ya bar wa iska kumatu ɗaya.