Hannun da Ya Ƙi Sakin Tsintsiya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda bai bar garkensa babu makiyayi ba, ya kuwa ba mu a zamaninmu wani bawa nasa, shaihin malami, alimi mai zurfin sani, ma'abocin zuhudu da tawali'u, wanda ya tsufa a kan Maganar Allah har idonsa ya dushe amma basirarsa ba ta dushe ba. Bai taɓa yi wa jama'a tsawa a wurin wa'azi ba, bai taɓa raba wa kowa ruwan kwalba da sunan magani ba. Masu ihu da sunan Ubangiji sun yi yawa yanzu, ganga kuwa in ta cika zaƙi kowa ya san ƙarshenta. Shi kam Malam, Allah ya ƙara masa daraja, maganarsa kaɗan ce, sai dai in ya yi ta, ta zauna. Ga ɗaya daga cikin karamomin da Ubangiji ya nuna ta hannunsa, kamar yadda Auta mai ɗinki ta gani da idonta a ɗakin mahaifiyarta.

'Ya'ya biyu Inna ta haifa, namiji babba, sai Auta. Namijin ya faɗa shaye-shaye tun yana saurayi. Wata rana ya shigo a buge, Auta ta yi masa magana, ya hankaɗa ta, bakinta ya daki bakin rijiya, haƙorinta na gaba ya karye. Inna ta ga jini a rigar yarinya, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Fita ka bi duniya. In dai ni na haife ka, kada ƙafarka ta ƙara taka gidan nan." Bakin uwa kuwa ba ya faɗuwa ƙasa banza, haka mutane suke cewa. Ya fita, ya sami aiki a babbar mota, kafin damina ta wuce motar ta ƙwace a kan gada. A naɗe aka kawo shi, aka hana ta buɗewa.

Washegarin jana'iza Inna ta ɗauki tsintsiya ta nufi majami'a. Ba wanda ya sa ta. Tun daga ranar, ko ana ruwa ko ana rana, tana can a duƙe tana bin ƙarƙashin benci, har Auta ta yi aure ta haihu, har 'ya'yan Auta suka shiga makaranta. In aka zo rabon gurasa da ƙoƙon jibin Ubangiji, sai ta sunkuyar da kai ta miƙa wa na kusa da ita. Mutane, da yake ido kawai suke da shi, suka ɗauka tsabar ibada ce. "Inna, ke kam kin gama gina ɗakinki a sama," in ji su. Auta ce kaɗai ta san ba ɗaki take ginawa ba, magana ɗaya take sharewa, maganar kuwa ta ƙi sharuwa. Malam ya sha zaunar da ita ya yi mata nasiha, ta ce to, gari na wayewa ta dawo da tsintsiyarta.

A tsakanin benci ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, yatsun kuwa suka dunƙule a kan gindin tsintsiyar suka ƙi buɗuwa. An gasa da ruwan zafi, an shafa mai, mijin Auta, wanda ke ɗaga buhun siminti da hannu ɗaya, ya gwada har ya ji tsoron karya ƙashi. Ƙarshe Auta ta sa almakashinta na ɗinki ta datse tsintsiyar ta sama da ta ƙasa, aka bar guntun a ciki. Farce ya yi ta girma yana shiga nama, tafin ya fara ruwa, ɗakin ya ɗauki wani wari da turare bai iya rufewa. Likita ya duba ya ce in hannun bai buɗe an wanke ba, sai dai a yanke daga wuyansa.

Matan zumunta suka zo dubiya, Allah ya shirye su. Shugabarsu ta zauna a bakin gado tana fifita ta ce, "Inna, ki tashi mana! Tun da kika kwanta majami'a ta yi ƙura, har gizo-gizo ya san ba kya nan." Suka kwashe da dariya, a ganinsu sun ƙarfafa ta. Inna ta juya fuska bango. Daga ranar ta rufe baki, ko ruwa sai an ɗiga mata. Abin da kawai Auta ke tsinta daga nauyin harshenta shi ne, "Ban gama ba. Ban gama ba."

Hannun bai dami Auta kamar wannan maganar ba. Ta ga uwarta za ta mutu tana kallon wuta, ita kuwa ba ta da abin ce mata, don a ƙasan zuciyarta ita ma tana cewa da ta yi shiru ran nan, da yayanta yana raye. Sai ta zauna a kan keken ɗinki ta yi ta taka shi babu zare.

"Ki kira Malam," in ji mijinta.

"Malam likita ne?"

"To ke likitan ce? Kin bar mutum yana ruɓewa, kina nan kina ɗinka iska."

Ta aika, ba don ta sa rai ba, sai don kada a ce ba ta aika ba.

Da la'asar ya iso, yana dogara sanda. Warin da ke mayar da samari baya bai sa ya ko taɓa hancinsa ba. Ya gaishe da Inna, ba ta juyo ba. Ya ɗan tsaya, sa'an nan ya ce a kawo masa tsintsiya.

"Haba Baba, kai da girmanka? Kawo in yi," in ji Auta.

"Zauna, ɗiyata."

Dattijon nan da manyan malamai ke cire takalmi kafin su shiga wurinsa ya jingine sandarsa ya duƙa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya fara daga lungun bayan ƙofa, ya bi ƙarƙashin gado, ya janye akwati ya share inda yake, ya mayar, gumi yana ɗiga daga gemunsa, Auta kuwa tana tsaye kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ƙarar tsintsiya ta yi abin da lallashi bai yi ba: Inna ta juyo, idonta yana bin kowane ja. Da ya kwashe sharar ya fitar, ya dawo ya miƙa wa Auta tsintsiyar.

"Share ɗakin nan."

"Baba, me zan share? Ai ka share."

"Duba dai, ko na rage."

Ta duba. Ko ƙwayar yashi babu.

"To in kika sake bi fa?"

Daga kan gado amsar ta zo, da ƙyar, a karkace: "Raini ne."

Malam ya ja kujera ya zauna. "Kin faɗi gaskiya, 'yar'uwa, sana'arki ce. To tun yaushe kike bin bayan Almasihu da tsintsiya?"

Sa'an nan ya ci gaba da cewa:

"Jinin da ya zubar a kan gicciye ya bi ta kan maganar da kika yi a bakin ƙofa. Bai rage miki lungu ba. Da aikin bai kammala ba, da har yau yana cikin kabari."

Inna ta ce, "Yaron fa?"

A nan ne maƙaryacin malami zai rantse cewa ya gan shi a mafarki cikin farar riga. Malam, Allah ya yarda da shi, ya ce, "Ban san abin da ya wakana tsakaninsa da Ubangijinsa a kan gadar nan ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na sani, yana hannun wanda ya mutu dominsa, ba ya hannun bakinki."

Ya sunkuyar da kai ya yi addu'a gajera, bai ko taɓa ta ba. Auta tana kuka a rufe da fuska sai ta ji wani abu ya faɗi ƙasa, ƙwas. Ta buɗe ido: guntun tsintsiyar ne, baƙi ƙirin, a kan daɓen da aka share. Hannun da ya gagari ruwan zafi da ƙarfin ƙato yana shimfiɗe a kan zane, yatsun a miƙe, tafin yana kallon sama. Inna ta daɗe tana dubansa, can ta ce, "Auta, ba ni ruwa."

Ba a yanke hannun ba, ciwon ya bushe har likita ya rasa ta cewa. Amma kada kowa ya ƙara wa labarin gishiri: Inna ba ta ƙara takawa ba, ɗanta bai dawo ba, kuma ba ta kai wata damina ba. Ta dai ci abinci, ta yi barci, ranar da kira ya zo kuwa ba bango take kallo ba. Da mutane suka cika ƙofar Malam suna ta faɗin al'ajabi, sai ya ce, "Ku je ku gode wa Mai Ceto. Ni shara kawai na yi."

Wannan shi ne bawan Allah adali, fitilar ikkilisiya, ma'abocin hikima da haƙuri. Allah ya ƙara masa ɗaukaka, ya sa albarkar koyarwarsa ta bi mu har zuriyarmu. Mu kuwa da muke nan kowa da abin da ya dunƙule a tafinsa, ya Ubangiji, domin hadayar Ɗanka da tashinsa daga matattu, ka ji tausayinmu, ka buɗe mana hannu tun muna da sauran numfashi. Amin.