Manomin da Ya Bar Gayyarsa Saboda Ƙaya

Akwai wani manomi, ƙaƙƙarfan mutum, wanda tun tasowarsa bai taɓa shiga gona da takalmi ba. Ana nan sai ciwon suga ya kama shi. Ya rame, ƙishirwa ba ta barinsa, har matarsa ta matsa masa ya tafi ƙaramin asibitin garinsu.

A can ya sami wata nas, Malama Briskila. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma yi saurin sallamarsa ba. Ta tambaye shi abin da yake ci da yadda yake noma, ta saurara har ya gama. Sa'an nan ta ce ya rufe ido, za ta taɓa tafin ƙafarsa da wani siririn tsinken roba, in ya ji ya faɗa. Mutumin ya yi ta jira, can ya ce, "Malama, ki fara mana."

Ta ce, "Baba, ai na gama. Ciwon nan ya kashe jin ƙafarka. Daga yau kada ka yarda da ita, ko ta ce maka lafiya lau."

Ta umarce shi ya riƙa shan magani ko yana jin garau, ya rage zaƙi, ya sa takalmi mai rufi a gona, kowace safiya kuma matarsa ta duba masa tafin ƙafa. In an ga rauni, komai ƙanƙantarsa, ya zo a ranar, domin irin wannan rauni ne ke sa a yanke ƙafa. Mutumin kuwa ya gaskata ta, gama ta nuna masa abin da ke jikinsa, bai kuwa sani ba.

To, kun san halin mutanenmu. Da ya fito gona da takalmin roba, taubashinsa ya sa shi gaba da tsiya, wai ga malamin gona an aiko daga birni. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da huɗa.

Da damina ta yi nisa ya kira gayya. A garin nan kuwa mai gayya shi ke kama kunyar huɗa ta fari, in ya bar mutane a gonarsa ya tafi, ya raina su ke nan. Ran gayyar da safe, maza sun hallara, makaɗi ya soma, matar ta duba ƙafar kamar kullum. Ashe ƙaya ta huda takalmin tun jiya, ta karye a cikin tafin, wurin har ya yi ja.

Taubashin ya leƙa, ya danna wurin, ya tambaye shi ko da zafi. Ya ce babu. Sai taubashin ya ce to mene ne na tashin hankali, a cire da allura, a je asibiti jibi. Matar ma ba ta matsa masa ya tafi ba, don ta san abin da gari zai faɗa.

Mutumin ya fita wurin maza, ya durƙusa, furfura da komai, ya ce, "Ku gafarce ni, 'yan'uwa. Ƙafata ta ce in zauna, Malama ta ce in zo. Ni kuwa na ga ranar da ƙafar nan ta yi mini ƙarya."

Waɗansu suka ji haushi, suka saɓa garmarsu suka koma gida. Shi kuwa ya hau mashin sai asibiti. Malama Briskila ta cire ƙayar, ta tarar wurin ya soma ruwa daga ciki. Ta ce da ya kai jibi, da sai babban asibiti, can kuwa ba ta da tabbacin zai komo da ƙafar. Ya yi makonni yana jinya, rabin gonar ciyawa ta cinye. Amma ranar godiyar kaka, da ƙafafunsa biyu ya shigo majami'a, ɗauke da ɗan damin dawarsa. Ni kam mutumin nan yana burge ni ƙwarai.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙafar nan zuciyarmu ce. Zunubi yakan kashe jinta, har mutum ya yi ta yawo da ƙaya yana cewa ba abin da ke damunsa. Ubangiji ne ke ganin abin da ba mu ji, mai hikima kuwa yakan ba da gaskiya ga maganarsa fiye da yadda yake ji a ransa, ko da za a yi masa dariya.

Ku kuma masu ciwon suga a cikinmu, na san waɗansunku sun ajiye magani don jiki ya yi daɗi. Ku koma wurin mai duba ku, ku faɗa masa gaskiya, ku bi abin da ya ce. Ku ma'aikatan lafiya, ku yi haƙuri da mu kamar Malama Briskila, gama mutum ba ya bin maganar wanda ya wulaƙanta shi. Kada kowa ya fita daga nan yana cewa, "Ai ba na jin zafi." Mai tsoron Allah tun kafin zafi ya zo yake zuwa.