Ƙofar Da Ya Rufe Wa Kansa

'Ya'yana, ku matso ku ji. Ku ukun nan nake nufi, kada wani ya waiga bayansa. Na kira ku gida, wannan ya ce aiki, wancan ya ce taro, ita kuma ta ce yara. To, ga shi na rubuta a shafin da kuke leƙawa sau goma a rana. A kan bencin coci na koyi haɗa baƙi bayan na yaye auta, don haka kada ku nemi ado a maganata.

Akwai wani tsohon direba mai 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Babban makanike ne, da sunan sana'arsa ake kiransa. Ƙaramin malamin makaranta ne, a coci kuwa Mai Wuta ake ce masa.

Sunan ba a banza ya same shi ba. Wata Lahadi ana tsakiyar addu'a Ruhu Mai Tsarki ya sauko masa kamar wuta. Ya zube a kan gwiwa yana kuka, bakinsa na furta harshen da bai taɓa koya ba. Uwarsa na wurin, ta gani da idonta, kuma har gobe ba za ta ce ƙarya ba ne. Mutumin da ko addu'ar cin abinci sarƙe masa take yi, sai ga shi yana wa'azi mutane na tuba. Ya jefar da sigari bai sake waiwayarta ba.

Kyauta ce aka ba shi. Kuskurensa, ya ɗauka lada ce.

Kafin shekara ta zagayo ya raba mutanen duniya gida biyu: cikakku da fanko. Yayansa kuwa a cikin fanko ya jefa shi.

Ana nan sai ɓarin jikin tsohon ya shanye. Shekara uku yana kwance. Kullum kafin Makanike ya buɗe gareji sai ya biyo, ya ciccibi ubansa ya kai banɗaki, ya yi masa wanka, ya juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Ran Asabar ya yi masa aski. In ya gama sai ya dafa shi ya ce, "Ubangiji, ga Baba. Ka san shi. Amin." Iyakar addu'arsa ke nan, ba ta taɓa yin tsawo ba.

Wata rana Mai Wuta ya zo yi wa tsohon addu'a. Makanike na gefen gado, ya ɗora hannu a kafaɗar ubansa kamar yadda ya saba.

"Yaya, ɗan janye hannunka."

"Don me?"

"Ɗora hannu na waɗanda aka yi wa baftismar Ruhu ne. Kai ta ruwa kaɗai gare ka."

Makanike ya dubi tafinsa. "Hannun da ya wanke masa kashi ɗazu da safe?"

"Wannan aikin jiki ne, Yaya, ko ɗan ƙwadago zai yi. Gaskiya nake gaya maka, in aka busa ƙaho yau, da sifana a hannu za a bar ka."

"To ka sa baki a tafi da ni mana, Malam. Ko can ba a rasa abin da ya kwance."

Dariya ya yi, amma ya janye hannun, ya fita bai yi sallama ba. Tsohon, da bakinsa ya karkace, hawaye ya gangaro masa har cikin kunne.

Uwarsu na tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ce uffan ba. Daɗi take ji ana nuna ta a coci ana cewa ga uwar Mai Wuta. Wannan shirun nata, ita za ta amsa shi a gaban Allah.

Bayan wata biyu Mai Wuta ya shirya wa ƙungiyarsa zaman azumi da addu'a na kwana uku a cikin coci, ya sa masa suna Zaman Shiri. Shi da kansa ya kafa dokar. Ƙarfe tara na safe a rufe ƙofa. Kowa ya kashe wayarsa ya jefa a kwando. Ba shiga, ba fita, ba saƙo daga waje. Ya ce so yake su ɗanɗani yadda ranar ƙarshe za ta kasance, lokacin da za a rufe ƙofa na waje su yi ta bugu ba mai buɗewa.

Ya kira mai gadin coci a gaban kowa ya ce, "Ko uwata ce ta zo, kada ka buɗe. Balle Yayana, shi labarin duniya zai kawo."

Da zai tafi uwar ta tare shi. "Numfashin ubanka ya sake tun jiya. Ka bar wayarka a kunne."

"Mama, an nuna mini zai tashi ya taka da ƙafarsa. Ki ba da gaskiya."

Rana ta biyu, wajen sha ɗaya na safe, tsohon ya buɗe ido ya ce, "Ina ƙaramin?"

Makanike ya kira waya, a kashe. Ya hau babur ɗin da aka kawo masa gyara, ko birki mai kyau babu, ya nufi coci. Ya bugi ƙofar nan har gaɓoɓin yatsunsa suka fashe. A ciki ganga na tashi, ana waƙar mun shirya, mun shirya, ba mai jin komai.

Mai gadi ya leƙo ta taga. "Yi haƙuri, Makanike. Sunanka ma ya kama."

"Ubansa ke mutuwa, Baba Mai Gadi!"

"Ya ce za a zo da irin wannan. Ya ce gwaji ne."

"To ka kira shi ya gaya mini da bakinsa!"

"Ni umarni aka ba ni."

Makanike ya yago bayan kwalin batir, ya rubuta: Baba na kiranka, ka zo yanzu. Ya tura ta ƙarƙashin ƙofa. Mai gadi ya ɗauka, ya ajiye a kwandon wayoyi, tunda can ne wurin abubuwan waje.

Da ya komo gida tsohon ya dubi bayansa, ya ga ba kowa. Sau huɗu ya tambaya. A na ƙarshe ya kama wuyan hannun Makanike da hannunsa mai lafiya, ya jawo shi kusa, ya ba shi saƙo ya kai wa ƙaninsa. Kafin ƙarfe biyu ya cika.

Washegari da yamma aka buɗe ƙofa. Mai Wuta ya fito fuska na sheƙi, murya a dishe, ya sa hannu a kwando. Ga guntun kwali a kan wayarsa, da shatin babban yatsa na baƙin mai.

Ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya ruga gida. Ya iske gadon an naɗe katifar.

"Yaya, ya ce wani abu a kaina?"

"Ya tambaye ka sau huɗu."

"Daga nan fa?"

"Ai kai ake nuna wa abubuwa. Je ka a nuna maka."

Yau shekara biyu ke nan.

Mai Wuta ya koma bencin baya. Ba ya wa'azi, ba ya ɗaga murya a addu'a. Ya rame har kwalar rigarsa na yawo a wuyansa. Ya sa wa ransa ubansa da fushinsa ya tafi, ya kuma sa wa ransa Ruhun ya bar shi.

Makanike kuwa yanzu shi ke bencin gaba. Kowa na yabonsa, ɗan albarka, ɗan da ya yi jinya. Yana miƙa hannu a coci ya karɓi gurasar jibin Ubangiji, saƙon mamaci na maƙale a maƙogwaronsa. Yana ganin ƙaninsa na narkewa kullum, sai ya kau da kai. Ita kuma ƙanwar ta zama motar haya, ta ɗauko magana nan ta sauke can.

To ku gaya mini, in Almasihu ya dawo gobe da hantsi, wanne cikinsu ya shirya? Wanda ya rufe ƙofar katako kwana uku, ko wanda ya rufe ta zuciya shekara biyu?

Na gaji da cewa "uwarsu". Ni ce. Ina zaune a ƙarshen gadon, na ji saƙon nan kalma bayan kalma. Na yi shiru ina jira, don ba ni aka aika ba. Abu ɗaya zan faɗa, kai ƙarami: ba tsinuwa ba ce, ko kusa. Sauran yana bakin yayanka, daga can za ka ji shi.

Darasi: Baftismar Ruhu Mai Tsarki gaskiya ce, ku neme ta da zuciya ɗaya. Amma ba a ba mutum ita don ya auna 'yan'uwansa ba, kuma ba a amo ake gane ta ba, a ƙauna da haƙuri da tawali'u ake gane ta. Hidima ma ba ta wanke zuciyar da ta ƙi yafiya. Ba wanda ya san ranar zuwan Ubangiji, shiri shi ne ya iske ka ba ka rufe wa kowa ƙofa ba. Ku tura wa duk gidan da 'yan'uwa ke zama a benci daban-daban.

Yanzu saura ku. Ran Lahadi akwai jibin Ubangiji. Kafin nan, kai babba ka zo da saƙon, kai ƙarami ka zo da ban haƙurin hannun nan da ka sa aka janye, ke kuma ki zo da bakinki a rufe. Ni ma ina da nawa da zan roƙa. Na shimfiɗa katifar ubanku, a kanta za ku zauna. Ku kashe maganar nan ina da rai. Numfashina ni ma ya fara sakewa, kuma ba na so in tambaya sau huɗu.