Yatsan da Muntaka Ya Dangwala

Akwai wani tela a Matameye, tun zamanin da Nasara ke riƙe da ƙasa, ana ce masa Muntaka. Rumfarsa tana bakin kasuwa. Yana da keken ɗinki guda, da matarsa Salamatu, da 'yarsu Habi mai shekara bakwai. Mutum ne wanda in ya ce maka rigarka za ta fito Laraba, to Larabar za ka karɓa. Shi ya sa har daga Dungu da Icirnawa ake kawo masa ɗinki.

Salamatu 'yar Damagaram ce, kuma shekara huɗu rabonta da mahaifiyarta. Habi ma ba ta iya tuna kamannin kakar tata. Kullum Muntaka sai ya ce a bari Sallah ta wuce, in ta wuce wani aikin ya taso. A daminar 1956, kwana uku bayan babbar Sallah, ya rufe rumfa ya ce wannan karon sati biyu za su yi a can, ba zare ba allura. Salamatu ta cika kwano da soyayyen naman layya don tsohuwa. Habi kuwa ta bi gida gida tana shelar za ta hau mota.

Motar da ke zuwa Damagaram ranar ta Alhaji Sallau ce, wani babban mai fataucin hatsi. Ya shigo da wani sabon abu a lokacin. In ka ƙara 'yan kuɗi a kan kuɗin mota, sai a ba ka takarda mai hatimi, wai ita asirans, abin da wasu ke kira inshora. Ya ce in wani abu ya sami mutum a hanya, kamfanin Nasara na Damagaram zai biya magani da duk asarar da aka yi. Mutane da yawa suka ce Allah ke tsarewa, suka ƙi. Muntaka ya saya wa su ukun, ya ninke ya sa a aljihu.

Direban motar, Rabo, mutumin Dungu ne mai ƙarancin magana. Amma da safen nan kowa ya ji muryarsa. Ya ce buhunan geron da aka loda sun yi wa motar yawa, ga hanya ta sha ruwa, ga mutane za su zauna a tsakanin kaya. Ya roƙa a rage ko buhu ashirin ne.

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Motar taka ce ko tawa? In ba za ka ja ba, masu farmi sun cika gari."

Rabo ya hau. Yana da mata da 'ya'ya uku, kuma farmin nan, takardar izinin tuƙi, ita ce gonarsa.

Ya ja motar a hankali, har fasinja suna yi masa tsiya wai jaki zai riga su. Bayan sun wuce Kance kaɗan, ƙafar baya ta nutse a wani kwari da ruwa ya ci. Mota ta karkata, igiya ta tsinke, buhuna suka zubo. Manya suka sha da ƙujewa. Habi kuwa buhu biyu suka danne mata ƙafar dama.

Muntaka ya tsaya kamar an dasa shi, Salamatu tana salati. Rabo ne ya ɗage buhunan. Ya yage rawaninsa, ya karyo kara ya ɗaure ƙafar, yana yi wa yarinyar magana a hankali har ta daina ihu ta koma shessheƙa. Sannan ya ce wa maza a sauke geron nan gefen hanya, don mota ba za ta fita da shi ba. Wani ya tuna masa cewa ga hadari, kuma Alhaji ba zai yafe ba. Rabo ya ce gero ana iya sake nomawa.

Ya sa Habi da uwarta a gaba kusa da shi, bai tsaya ba sai ƙofar likita a Damagaram. Shi ya shiga da ita a kafaɗarsa.

Haka ziyarar ta ƙare tun ba a fara ta ba. Kakar Habi a bakin gadon likita ta sake ganin jikarta. Naman da aka kawo mata, masu jinya aka raba wa. Ƙashin ya karye gida biyu, sati biyu ya zama wata biyu. Abin da Muntaka ya zo da shi ya ƙare, gidan surukarsa kuma ba mai ƙarfi ba ne. A ƙarshe ya aika Matameye aka sayar da kekensa. Duk lokacin da Rabo ya shigo gari sai ya leƙo, da ƙosai ko 'yar alewa, Habi tana ganinsa ta fara kiran Kawu Rabo.

Muntaka ya tuna da takardarsa. Ya je biron kamfanin, wato ofishinsu, aka ce ya kawo takardar lokotoro, wato ta likita. Ya kawo, aka ce saura ta jandarma, 'yan sandan Nasara. Ya kawo, aka ce Nasaran ya yi tafiya. Sau shida yana zuwa yana zama a kan benci tun hantsi har azahar. A na bakwai ya tarar da Alhaji Sallau a ciki, shi da akawun kamfanin, wani mai suna Idrisa.

Idrisa ya yi masa bayani dalla-dalla. In mota ta ɗauki kaya fiye da ƙa'ida, kamfani ba ya biyan ko tamma, mai mota ne zai biya, kuma a ci shi tara. In kuwa kuskuren direba ne, kamfani zai biya. Ya turo masa takarda da Faransanci, ya ce abin da ke ciki shi ne direba ya yi gudu, fasinja sun yi masa magana bai ji ba. Yatsa kawai zai dangwala.

Muntaka ya ce ai ba haka aka yi ba.

Alhaji ya yi murmushi, ya ce kowa ya san ba haka aka yi ba. Takarda ce ta Nasara, za su jefa ta a akwati su manta, babu abin da zai taɓa Rabo. "Amma in gaskiya kake so, Muntaka, ga hanya nan. Ka kai ni ƙara duk inda ka ga dama. Mu gani ni da kai wa zai fara gajiya."

Muntaka ya ce a ba shi zuwa gobe.

Da ya gaya wa Salamatu, ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta ce mutumin da ya yage rawaninsa saboda 'yarsu, ba za a saka masa da wannan ba, ko da bara za su yi su koma gida. Ransa ya ɓaci. Ya ce ita ba ta san abin da ake nufi da magidanci ba keke ba sana'a ba, kuma ai Alhaji ya ce ba abin da zai faru.

"Malam," in ji ta, "Alhajin da ya ce kaya ba su yi yawa ba?"

Washegari Muntaka ya bi ta tasha, ya hango Rabo a ƙarƙashin mota yana gyara. Ya yi niyyar ya je ya gaya masa, har ya taka taku biyu, sai ya juya ya bi wata hanya. A biro Idrisa ya kama babban yatsansa, ya danna a tawada, ya danna a takarda. Abin bai kai ƙiftawar ido ba.

Kuɗi suka fito bayan sati uku. Ya sayi wani keken, ya mai da iyalinsa Matameye. Habi ta tashi, amma ƙafar ta gajarce, da ɗingishi take tafiya.

Takardar kuwa ba a jefa ta akwati ba. Ta tafi hannun jandarma, daga nan gaban shari'a. Alhaji, wanda bai manta geronsa da ruwa ya jiƙa ba, ya tsaya ya ce dama ya sha yi wa direban nan faɗa a kan gudu. Babu wanda ya kira sauran fasinja. Tafinta ya karanta shaidar uban yarinya, aka karɓe farmin Rabo har abada, aka ba shi wata takwas a gidan kaso.

Matameye ba babban gari ba ne, kuma mutum talatin ne suka ga abin da ya faru a hanyar Kance. Ba wanda ya tari Muntaka da magana. Gaisuwa dai ta gajarce. Mutanen Dungu suka daina kawo ɗinki, na Icirnawa suka bi su. Salamatu tana yi masa tuwo, tana wanke masa kaya, amma ta daina zama hira da shi. Kuma duk abin da ya sayo da sauran kuɗin nan, ba ta taɓa kai shi bakinta ba.

Wata rana aka zo ɗaurin auren ɗan wansa. Liman ya nemi shaidu daga dangin ango, Muntaka ya gyara zama zai yi magana. Wani dattijo daga dangin amarya ya yi gyaran murya, ya ce cikin ladabi ko za a samu wani. Ba wanda ya tambayi dalili. Wansa ya sunkuyar da kai, ya nuna wani ƙaninsu. Muntaka ya zauna har aka shafa fatiha, goron da aka miƙo masa ya kasa ci.

Ya koma Damagaram ya nemi Idrisa, ya ce yana so ya janye maganarsa. Idrisa ya ce abin da hatimi ya hau ya hau. In ya nace, shi za a ɗaure kan shaidar zur, kuma ya dawo da kuɗin kamfani. Muntaka ya sa takalmansa ya fita.

Bayan shekara guda, da kaka ta yi aka fara awon gyaɗa, ya ji labarin Rabo ya fito, yana dako a kasuwar Kance. Ya ɗaure abin da ya rage masa a ƙyalle ya tafi. Da ƙyar ya gane shi. Ya rame, wuyansa duk kanta, ga buhu a ka. A bakin wani mai awo Muntaka ya ji cewa ƙaramin ɗan Rabo ya rasu yana tsare, matar kuma ta koma gidansu da sauran.

Rabo ya sauke buhun, ya amsa sallama. Abin da ya fara tambaya shi ne ƙafar Habi. Muntaka ya ce tana takawa. Rabo ya ce alhamdu lillahi.

Muntaka ya durƙusa a gaban mutane, ya miƙa ƙyallen, ya fara kawo maganar keke da wata biyu da benci. Rabo ya bar shi har ya gama, bai taɓa ƙyallen ba.

"Malam Muntaka, ranar da ka wuce ta tasha na gan ka. Na ɗauka sauri kake yi wajen yarinya." Ya share gumi da gefen hannu. "Da ka tsaya ka ce mini, Rabo, ga abin da suka ce, in ban sa hannu ba ba ni da abin ciyar da Habi, wallahi da na ce ka sa. Da na shiga kason nan da ƙafata, na san don wa na shiga. Amma sai a bakin tafinta na ji sunanka."

Muntaka ya ce ya yafe masa don Allah.

Rabo ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, ban iya ba tukuna. Ka tashi, mutane na kallo. Ka gai da Habi."

Ya sunkuya, wani ya ɗora masa buhun, ya wuce.

Muntaka ya koma Kance bayan wata guda, aka ce Rabo ya bi masu tafiya cin rani ya tsallaka iyaka. Wasu suka ce Kano, wasu suka ce gaba da nan. Ya yi shekaru yana tare direbobin da ke fitowa daga kudu yana tambaya, ba wanda ya san shi. Alhaji Sallau kuwa ya ƙara mota ta biyu, kuma bai sake amsa gaisuwar Muntaka da baki ba, sai da ɗaga hannu.

Habi ta girma ba ta san komai ba, don uwarta ta hana a gaya mata. Har ta yi aure, in ana hirar mutanen kirki sai ta kawo labarin Kawu Rabo da ya ɗauke ta a kafaɗa, ta juya ta ce, "Ko ba haka ba, Baba?" Shi kuma ya ce haka ne, ya tashi ya fita waje.

Darasi: Neman haƙƙinka ba laifi ba ne, amma kada ka karɓe shi ta hanyar danne wanda ya tsaya maka ranar da ka rasa kowa. Wanda ya tura ka yin shaidar zur zai wuce abinsa, kai za a bari da ita, kuma ba kullum ake samun wanda aka zalunta a nemi gafararsa ba. In an miƙo maka takarda, ka tambayi kanka wuyan wa za ta hau kafin ka sa hannu. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai wanda tasa takardar ke gabansa yau.