Maiƙon da Ke Bakin Tulun Gilashi

Akwai wata matashiyar malamar kemistiri a wata makarantar sakandare, ɗalibai suna kiranta Malama Sikeli, don komai sai ta ɗora a ma'auni kafin ta yarda da shi. Tana da ƙwazo, wannan ba a ja. Matsalarta ɗaya ce: idan aka ba ta shawara, sai ta ji kamar an zage ta.

A shekarar aka sa gasar kimiyya tsakanin makarantu. Ita da 'yan ajinta suka zaɓi binciken ɓawon 'ya'yan itace: na lemo, na ayaba, na abarba da na kankana. Za su gano yawan ruwan da ke cikin kowanne, da tokar da yake bari in an ƙona shi, da sinadaran da ke cikin tokar. Yaran sun sa rai ƙwarai, don makarantar ba ta taɓa shiga irin wannan gasa ba.

Har a gida ba ta bar ɓawo ya huta ba. Maigidanta na ɓare lemo za ta miƙo hannu.

"Malama, ki bari in sha tukuna mana," in ji shi. "Ni dai na auri malama, ban san mai shara na kawo gida ba."

Aikin yana da wahala. Sai an yanka ɓawon, an busar da shi a oben, an niƙa, sannan a ajiye garin cikin wani babban tulun gilashi mai murfi. A ƙasan tulun akwai ƙwayoyin silika masu shan danshi. Muddin garin yana bushe, awo zai fito daidai.

Mutum biyu ne ke da makullin ɗakin gwajin: ita da wani dattijon malamin kemistiri da yara ke kira Baba Sannu, saboda ba ya gaggawa a komai. Tun farkon aikin ya leƙo ya ce, "Malama, wannan tulun da kike gani, na daɗe da shi. Yana da wani hali..."

"Malam, na gode," ta katse shi a gaban yara. "Na yi aiki da waɗanda suka fi shi a jami'a. Kowa ya ji da ajinsa."

Dattijon ya yi murmushi, ya ja ƙofa ya fita.

Ba a jima ba ta fara lura da wasu abubuwa. Ta zo da safe ta taɓa oben, ta ji shi da ɗumi, alhali ta kashe shi tun jiya. Wata rana ta tarar an ɗan gusar da tulun daga inda ta bar shi. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne wani maiƙo da ta gani a bakin murfin, har da shatin yatsa a jiki.

Wa ke shafa wa samfurinta mai? In maiƙo ya shiga garin, ai nauyi ya canja, aikin watanni ya tashi a banza.

Daga ranar ta sa wa Baba Sannu ido. In ya gaishe ta, sai ta ce a ranta gaisuwar munafunci ce. In ya tambayi yadda aiki ke tafiya, sai ta ce leƙen asiri yake yi. Ranar da ta gan shi yana goge hannu da hankici a bakin ɗakin gwaji, sai ta ji kamar ta kama ɓarawo da kaya a hannu.

"Baƙin ciki yake yi," ta gaya wa maigidanta. "Ya tsufa a makarantar nan bai kai yara ko'ina ba, yanzu yarinya ta zo za ta yi suna."

"Kin tambaye shi?"

"In tambaye shi ya ce me? Mai yi maka ƙafar ungulu zai amsa ne?"

"Ni dai da kin tambaya," in ji maigidan, ya ci gaba da guga.

Ba ta tambaya ba. Sai ga shi wata safiya awon ɓawon lemo ya ɗan saɓa da na baya. Abu ne da kan faru a kowane gwaji, amma ita ta riga ta yanke hukunci. Ta wuce ofishin shugaban makaranta, ranta a ɓace.

Aka kira Baba Sannu. Shugaba ya ce, "Malam, kana shiga ɗakin gwaji da safe?"

"Ina shiga."

"Kana taɓa tulun?"

"Ina taɓawa. Murfinsa ne..."

"Ka ji ko, ranka ya daɗe!" Malama Sikeli ta ɗaga murya. "Da bakinsa ya amsa. Ko a karɓi makullin, ko in ajiye aikin."

Dattijon ya dube ta, ya dubi shugaba, ya ga babu mai niyyar sauraro. Ya ciro makullin ya ajiye a kan tebur. Kafin a tashi, magana ta zaga makaranta cewa Baba Sannu ne ke ɓata aikin yara. Abin ya yi masa ciwo, har ya nemi a mayar da shi wata makaranta, aka kuwa amince.

Ita kuwa ranar ta ɗauko sabulu ta wanke bakin tulun tas, har yana ƙyalli. Ta mayar da garin, ta rufe, ta kulle ɗaki. Aka tafi hutun tsakiyar zango, ruwan sama kuma ya dinga zuba ba ƙaƙƙautawa.

Da aka dawo, gasa ta matso. Tana buɗe ƙofa wani wari ya tare ta. Garin ɓawon duk ya dunƙule, fumfuna ta rufe shi fari da kore. Ƙwayoyin silikar da kullum take ganinsu shuɗi sun koma ja-ja, sun sha ruwa sun ƙoshi.

Wa za ta zarga? Makulli yana jakarta.

Ta ɗaga murfin ta duba shi a hasken taga. Sai ga wata 'yar ɓallewa a gefensa, siririya, wadda iska ke bi ta shiga. Nan ta gane komai. Maiƙon da ta wanke man basilin ne da dattijon ke shafawa, shi ke toshe wurin. Ɗumin oben kuwa, dattijon ne ke gasa silikar kowace safiya don ta sake bushewa. A jami'a ma'aikatan ɗakin gwaji ke yin wannan duka, ita dai ta saba tarar da kaya a shirye.

Babu lokacin sake busar da wani ɓawon. Aka cire sunan makarantar daga gasar. Yaran suka yi jugum a aji, wasu har da hawaye.

Da yamma ta kira dattijon a waya. Ta gaya masa komai, ta roƙi gafara.

"Na yafe miki, 'yata," ya ce. "Ɓawo ba ya ƙarewa, baɗi ma a yi gasa. Abu ɗaya nake roƙo. Ki gaya wa yaran nan ba ni na ɓata musu aiki ba. Jiya na haɗu da ɗaya daga cikinsu a hanya, yarinyar da na koyar tun tana aji ɗaya. Na yi mata sallama, ta kau da kai."

Malama Sikeli ta zauna a bakin gado da wayar a kunne, tana kuka.

Darasi: Kafin ka zargi mutum, ka tambaye shi, kuma ka bari ya kai ƙarshen maganarsa. Hannun da kake zaton yana ɓata maka aiki, wataƙila shi ne yake riƙe da shi. Garin da ya lalace ana iya sake niƙa wani, amma sunan da ka ɓata ba ya gyaruwa da sauƙi. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, ko wani zai tsaya ya yi tambaya kafin ya yanke hukunci.